Waƙar Beatles a Bakin Wasu

A cikin "Yesterday", waƙar da Beatles suka fitar a 1965, akwai wurin da mai waƙar yake amsa laifinsa. Masoyiyarsa ta tafi ba ta gaya masa dalili ba, shi kuwa ya yarda bakinsa ne ya ja masa. Paul McCartney, wanda ya tsara ta tun bai cika shekara 23 ba, ya faɗi hakan kai tsaye, babu kwana-kwana. Bayan shekaru masu yawa, da ya zauna ya saurari yadda manyan mawaƙan Amurka suka rera ta, sai ya lura cewa Frank Sinatra da Elvis Presley da Marvin Gaye duk sun taɓa wannan wuri. Kowannensu ya cusa 'yar kalmar shakka, laifin da yaron Liverpool ya ɗora wa kansa ya koma abin da ake zato kawai.

Karin waƙar bai canja ba, labarin ma yana nan yadda yake, amma mutumin da ke tsaye a cikinta ya zama wani daban. Na McCartney saurayi ne da ya san ya ɓata rawarsa da tsalle. Na Sinatra babban mutum ne da ba ya iya durƙusawa. Na Marvin Gaye, wanda ya fito a 1970, shi ya fi ɗaure mini kai, domin harshensa yana kauce wa laifin, muryarsa kuwa tana amsa shi: tana sirancewa, tana rawa, har ka gane mutumin nan ya san sarai abin da ya aikata. McCartney da bakinsa ya ce wannan ya fi so. An sake rera "Yesterday" fiye da sau 2,000, kuma mafi yawansu ba su bar komai a kunne ba, saboda masu rerawar maimaita kalmomin kawai suka yi, ba su tambayi kansu ko suna da abin da za su faɗa da su ba.

Abin da nake nema ke nan a duk waƙar da wani ya karɓa daga hannun mai ita. Ban damu da ko muryarsa ta fi ta farko daɗi ba, ko makaɗansa sun fi ƙwarewa. Tambayata ita ce: me ya kawo wa kalmomin daga rayuwarsa? Kalma ba ta gama zama magana sai ta sami bakin da zai furta ta. Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san haka. Saurayi zai shigo ya durƙusa ya ce Allah Ya ji ƙansa, Ya ba da haƙuri, a amsa masa da amin, ya wuce. Can sai ga dattijon da ya binne 'ya'yansa da hannunsa, ya zauna, ya faɗi kalmomin nan ba ƙari ba ragi, sai ka ga mai gidan da ya daure tun safe ya sunkuyar da kai hawaye na zuba. Beatles samari ne lokacin da suka rubuta duk abin da suka rubuta. Sun watse a 1970, babu ko ɗaya cikin su huɗun da ya kai shekara 30. Sau da yawa kalmominsu sun girme su, sai da wasu suka zo suka cika su.

Kafin wani ya ce kayan aro ba ya rufe katara, ya kamata a tuna da aro Beatles ɗin suka fara. A gidajen rawa na Hamburg a Jamus, daga 1960, John Lennon da McCartney da George Harrison sun kwana suna kaɗa waƙoƙin Chuck Berry da Little Richard. Kundinsu na farko, Please Please Me, waƙa 14 ne, 6 na wasu. Na biyu ma haka, uku daga ciki na mawaƙan kamfanin Motown na Detroit ne. "Twist and Shout", wadda mutane da yawa ke ɗauka tasu ce, Isley Brothers ne suka yi suna da ita a 1962. Beatles sun ɗauke ta ran 11 ga Fabrairu 1963, a ƙarshen yini guda na aiki, Lennon yana fama da mura, maƙogwaronsa ya kusa dishewa, kuma wannan karcewar murya ita ce gishirin waƙar har yau. Daga baƙaƙen fatar Amurka suka koyi sana'a, ba su taɓa ɓoye hakan ba. A 1964 sun ƙi hawa dandamali a Jacksonville ta jihar Florida sai da aka tabbatar musu ba za a ware baƙi da farare ba. Saboda haka lokacin da Wilson Pickett da Aretha Franklin da Stevie Wonder suka juyo suka ɗauki waƙoƙinsu, kaya ne suka koma gidan da aka samo irinsu.

Sai dai wanda ya fara girgiza mutane Bature ne ɗan uwansu, Joe Cocker, mutumin Sheffield, wanda kafin waƙa ta karɓe shi aikin haɗa bututun gas yake yi. "With a Little Help from My Friends" ta fito a 1967 cikin kundin Sgt. Pepper. Lennon da McCartney sun ɗinka ta ne daidai muryar Ringo Starr, mai gangarsu, wanda muryarsa ba ta hawa sama sosai. 'Yar gajeriyar waƙa ce, ba ta kai minti uku ba, mai tafiya da fara'a. Abokai suna tambaya, Ringo yana amsawa: yana jin kaɗaici? yana bukatar wani? Amsarsa ta mutumin da hankalinsa ke kwance ce, domin abokan suna nan kusa da shi, yana jin numfashinsu a bayansa. Taimakon da yake magana a kai ɗan kaɗan ne, kuma ya riga ya samu.

Cocker ya ɗauke ta a 1968 ya rage mata gudu, ya canja mata taki zuwa mai bugu uku-uku, ya ja ta har ta wuce minti biyar. Ana buɗewa da ogan irin na coci, sai jitar Jimmy Page ta tsaga shirun, tun kafin duniya ta san ƙungiyarsa Led Zeppelin. Tambayoyin da abokai maza ke yi cikin raha, yanzu mata 'yan amshi ne ke jefo su daga sama, shi kuma yana amsawa daga ƙasa da murya mai tsakuwa. Akwai wurin da suka tambaye shi ko yana bukatar wani, maimakon kalma sai ya saki wata irin ƙara da ta fito tun daga cikinsa. A nan ma'anar ta juye. Wannan mutumin bai sami taimakon ba tukuna, roƙo yake yi, kuma ɗan kaɗan ɗin da Ringo ya ambata cikin sauƙi shi ne abin da ya rage tsakaninsa da nutsewa. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a Nuwamba 1968. A watan Agusta 1969 ya rera ta a taron Woodstock gaban mutane wajen 400,000, yatsunsa na kaɗa jitar da babu ita, jikinsa na karkarwa, gumi ya jiƙe rigarsa. Yana sauka hadari ya haɗo, ruwa ya tsinke. A wurina babu wadda ta kai wannan cikin duk waƙoƙin Beatles da wasu suka sake. Ban ce ta fi ta Ringo gaskiya ba. Duka biyun gaskiya ne, ɗaya ta ranar da kake cikin mutanenka, ɗaya ta ranar da ka waiga ba ka ga kowa ba.

"Hey Jude" lallashi ce tun asali. McCartney ya fara ƙirƙirarta a mota a 1968, yana hanyar zuwa duba Julian, ɗan Lennon mai shekara biyar, lokacin da auren iyayensa ke mutuwa. Babba ne ke gaya wa yaro kada ya ɗauki duniya a ka. A Nuwamba na shekarar, a ɗakin ɗaukar waƙa na FAME da ke Muscle Shoals a jihar Alabama, wani matashin makaɗin jita mai dogon gashi, Duane Allman, ya matsa wa Wilson Pickett ya rera ta. Pickett ya ƙi da farko. Waɗanda suka halarta sun ba da labarin cewa su biyun sun zauna ne a ɗakin sauran suka tafi cin abinci, domin a Alabama ta wancan zamani baƙar fata da Bature mai gashi har kafaɗa ba su da tabbacin za a karɓe su a gidan abinci. A wannan zaman Allman ya shawo kansa.

Pickett ba ya lallashi, bai iya ba. A bakinsa nasihar ta koma umarni, irin na yaya da ya kama ƙanensa a kafaɗa yana jijjiga shi ya tashi ya nemi abin da yake so. Doguwar wutsiyar nan ta ƙarshe, inda Beatles suka yi minti huɗu suna maimaita amshi marar kalmomi, shi ya mai da ita fagen kokawa: yana kururuwa, jitar Allman tana mayar masa, kowa na neman ya ɗara ɗan uwansa. Makaɗin jita Eric Clapton ya ji ta ya nemi sanin wane ne mai jitar, bayan shekara biyu suka yi "Layla" tare. Allman ya rasu a haɗarin babur a 1971 yana da shekara 24.

Aretha Franklin ta yi abin da ya fi wannan ƙarfin hali. "Eleanor Rigby" ta 1966 labarin wata mace ce da ba ta da kowa, mai tsintar shinkafar da aka watsa wa amare a coci bayan an watse, da wani limamin coci mai rubuta huɗubar da ba mai saurare. Ta mutu, aka binne ta, ba wanda ya zo. Ba Beatle ko ɗaya da ya taɓa abin kiɗa a waƙar. George Martin, mai shirya musu waƙoƙi, shi ne ya tsara wa masu goge takwas kiɗa mai sara, mai sanyi, McCartney kuma yana ba da labarin daga nesa, yana tausayin matar amma bai san ta ba. Ita ce, can, ga ta nan.

Da Aretha ta ɗauke ta a 1969, tun daga baitin farko ta ce ita ce Eleanor Rigby. Wakilin suna guda ta sauya, daga "ita" zuwa "ni", waƙar gaba ɗaya ta tashi tsaye. Ta watsar da gogen, ta kawo ganga da fiyano da 'yan amshi, ta ƙara gudu. Akwai masu cewa ta ɓata waƙar, wai kaɗaici ba ya rawa. Na fahimci abin da suke nufi, amma ban bi su ba. Tausayi daga nesa abu ne mai sauƙi, ba ya cin mai yinsa komai, kuma yana barin wanda ake tausayin a matsayin abin kallo. Matar da Aretha ta zama ba ta neman a ji tausayinta. Tana da suna, tana da murya, tana sane da yadda aka mance da ita, kuma tana faɗa da ƙarfi. 'Yar fasto ce, ta tashi a cocin New Bethel na mahaifinta C. L. Franklin a Detroit, ta san matan da ke share coci bayan biki, ta san ba shiru suke ba idan suka sami wanda zai saurare su. Ray Charles ma ya rera ta a 1968, da kyau ƙwarai, sai dai shi ya tsaya a matsayin mai ba da labari.

Aretha ce kuma ta fara fitar da "Let It Be", a Janairu 1970, wata biyu kafin ta Beatles ta shiga kasuwa. Mary da aka ambata a waƙar mahaifiyar McCartney ce, ungozoma, wadda ciwon daji ya ɗauke a 1956 yana ɗan shekara 14. Ya ce ta zo masa a mafarki lokacin da rikicin ƙungiyar ya dame shi, ta kwantar masa da hankali. A bakin Aretha, da ogan a bayanta, duk Kiristan da ya ji sunan nan Maryamu uwar Almasihu zai tuna. Maraya ya rubuta wa uwarsa, mai ibada ta karɓa ta mai da shi addu'a. McCartney bai taɓa hana kowa fahimtarta haka ba.

Wasu kuma a taƙaice. Stevie Wonder yana da shekara 20 ya ɗauki "We Can Work It Out", gardamar masoya biyu da kowa ya kafe a kan nasa, ya cika ta da fiyanon lantarki da harmonika har alkawarin sulhun ya zama abin da ka yarda zai faru. Earth, Wind & Fire sun mai da "Got to Get You into My Life" shagalin ƙahoni a 1978, mutane suna rawa da ita a matsayin waƙar soyayya, alhali McCartney ya bayyana daga baya cewa tabar wiwi yake yi wa kirari. Sinatra ya riƙa yabon "Something" a dandamali yana jingina ta ga Lennon da McCartney, ita kuwa ta George Harrison ce, wanda shi ya fi son yadda James Brown ya rera ta.

Nina Simone ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Harrison ya rubuta "Here Comes the Sun" a 1969 a lambun gidan Clapton, ranar da ya gudu daga tarurrukan lissafin kuɗi na kamfaninsu. Mu da rana ke gasawa sai mun yi tunani kafin mu gane murnar: a Ingila hunturu watanni ne na duhu da sanyi da laima, fitowar rana kuwa sauƙi ne daga Allah. Hunturun Harrison na yanayi ne da na gajiya. Nina Simone ta rera ta a 1971, bayan an harbe jagororin baƙaƙen Amurka: Medgar Evers a 1963, Malcolm X a 1965, Martin Luther King a 1968. Wannan mata da aka sani da murya mai fushi sai ta sassauto, ta rera a hankali bisa fiyanonta, irin rerawar mai son ta gaskata abin da take faɗa. Dogon hunturun da take nufi ba a kalanda yake ba. Ba da daɗewa ba ta bar Amurka, ta zauna a Laberiya na wani lokaci, a Faransa ta rasu a 2003.

"In My Life" ita ce inda shekaru suka yi aikinsu ƙarara. Lennon yana da 25 ya rubuta ta, a 1965, yana waiwayar wuraren ƙuruciyarsa da mutanen da ya sani, rayayyu da matattu, yana gaya wa wadda ke gabansa cewa duk da haka ita ta fi. Bai kamata a ce bai san rashi ba. Mota ta kaɗe mahaifiyarsa Julia a 1958, amininsa Stuart Sutcliffe ya rasu a Hamburg a 1962. Amma muryarsa ta saurayi ce, kiɗan na tafiya da hanzari, a tsakiya ga fiyanon George Martin da aka ƙara wa gudu yana ƙyalƙyali. Mai waƙar yana waiwaye ne a kan hanya, gabansa da sauran nisa.

Johnny Cash ya ɗauke ta a 2002, yana da shekara 70, cikin jerin kundayen da Rick Rubin ya shirya masa a ƙarshen rayuwarsa. Ciwo ya riga ya ci jikinsa. Muryar nan mai kauri da aka sani tun zamanin kamfanin Sun a Memphis ta tsage, numfashinsa ba ya kai ƙarshen layi, kana jin inda yake tsayawa ya jawo iska. Da ya iso wurin ambaton matattu, mai sauraro yana iya lissafa su: wansa Jack da zarton injin katako ya kashe a 1944, Elvis a 1977, Roy Orbison a 1988, Carl Perkins a 1998, Waylon Jennings a farkon wannan shekarar ta 2002. Wadda yake cewa ta fi kowa kuwa ba a bukatar tambaya, June Carter ce, matarsa tun 1968. Kundin ya fito a Nuwamba. June ta rasu ran 15 ga Mayu 2003, shi ya bi ta ran 12 ga Satumba. Idan ɗan shekara 25 ya ce a duk rayuwata, alkawari yake yi. Idan Cash ya faɗa, lissafi ne da aka riga aka rufe. Lennon bai ga wannan shekarun ba, an harbe shi a New York a 1980 yana da 40, saboda haka wani ne ya rera masa waƙarsa a shekarun da ta fi dacewa da su.

Akwai kuma waƙar da ta daɗe tana jiran mutanen da aka rubuta dominsu. A Satumba 1957 ɗalibai baƙaƙe tara suka nufi makarantar Central High a Little Rock ta jihar Arkansas. Gwamna Orval Faubus ya sa dakarun jiha suka tare ƙofa, sai da shugaba Eisenhower ya turo sojojin tarayya suka raka su aji. Hoton Elizabeth Eckford, 'yar shekara 15, rungume da littafinta, taron farare na bin ta da zagi, ya zaga duniya. A Yuni 1968, wata biyu bayan kisan King, McCartney ya zauna shi kaɗai da jita, ƙafarsa na buga ƙasa, ya ɗauki "Blackbird", waƙar baƙin tsuntsu mai karyayyen fiffike da ake ƙarfafa wa guiwa ya tashi. Shekaru da dama masu sauraro da yawa tsuntsu kawai suka ji. Daga baya ne ya riƙa bayyana cewa gwagwarmayar baƙaƙen Amurka ce a ransa, kuma a 2016 ya gana da Eckford da Thelma Mothershed Wair bayan wasansa a Little Rock.

A Maris 2024 Beyoncé ta saka ta a kundinta Cowboy Carter. Ta bar jitar McCartney da bugun ƙafarsa na 1968 yadda suke, ta ɗora muryarta a kai tare da wasu mata baƙaƙe huɗu masu waƙar kantiri: Tanner Adell, Brittney Spencer, Tiera Kennedy da Reyna Roberts. Ta fuskar kiɗa ba zan ajiye ta kusa da ta Cocker ko ta Cash ba. Ta girmama asalin ƙwarai, ba ta motsa komai daga wurinsa ba. Abin da ya canja shi ne masu magana. A 1968 Bature ne daga ƙetaren teku yake aika saƙon ƙarfafawa ga matan da bai taɓa gani ba. A 2024 irin matan nan ne da kansu suke faɗa wa junansu, a wani fannin kiɗa da gidajen rediyonsa suka daɗe ba sa ba baƙaƙen mata wuri. McCartney ya fito fili ya yaba, ya ce ta ƙarfafa saƙon da ya sa shi rubuta waƙar tun farko. Kundin ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara a Fabrairu 2025, ya kuma ci ta kundin kantiri, karo na farko da baƙar mace ta karɓe ta.